Izu Sittin a Harshe, Nawa a Zuciya?

Ba a yi wa ƙasar Hausa gorin karatun Alƙur'ani. Daga Kano zuwa Damagaram, daga Sakkwato zuwa zangon Kumasi, duk wanda ya ratsa unguwa bayan sallar asuba zai ji tilawa na tashi daga zauruka da masallatai. Akwai ɗan kasuwar da ba ya buɗe rumfa sai ya karanta izu biyu, don ya sauke ƙarshen kowane wata. Akwai uwargidan da ke jan surorinta kafin yara su farka, ga gardin da ke raba dare yana tilawa don kada haddarsa ta zube. Azumi na kamawa kuwa sai a shiga lissafin sauka, wane ya yi biyu, wane ya yi uku. Duk wannan alheri ne, kuma babu mai kishin addini da zai so a rage ko harafi ɗaya daga cikinsa. Sai dai da za a tsayar da wanda ya gama izu biyunsa na safe a ce, "Malam, yau me Ubangijinka ya umurce ka, me ya hana ka, da me ya yi maka bushara?" mutum nawa ne za su iya amsawa? Abin da ya faru shi ne karatunmu ya rabu gida biyu. Lafazi muna yinsa da kanmu kullum, ma'ana kuwa mun bar wa malamai, sai Ramadan ya zo mu je mu zauna mu saurara. A ganina karatun da mutum ke yi shi kaɗai a ɗakinsa ba zai taɓa zuciya yadda ya kamata ba har sai ma'ana ta dawo cikinsa, kuma dawo da ita aiki ne da gama-garin Musulmi zai iya, ba tare da ya taka hurumin malamai ba.

Rabuwar tana da asali, kuma asalin ba abin zargi ba ne. A tsarin makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, sannan ya riƙa ɗaukar allonsa malam na biya masa, in ya iya ya wanke a sake rubutawa, daga ƙananan surori har ya kai Baƙara ya yi sauka. Ma'ana tana can gaba, a karatun zaure: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, sannan lugga da nahawu, tafsiri kuma shi ne a ƙololuwa. A zamanin da babu ɗab'i, takarda na tsada, kowane kwafi da hannu ake rubuta shi, tsare lafazi shi ne aikin farko, kuma an tsare shi. Tsangayoyin Barno da Haɗeja da Kano sun fitar da alarammomi da gwanayen da ke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, har su ƙidaya maka sau nawa kalma kaza ta zo da wasali kaza. Matsalar ita ce ɗalibai kaɗan ne ke kaiwa ƙarshen wannan doguwar hanya. Mafi yawa da zarar an yi walimar sauka sai noma ko fatauci ko aure ya janye su, su rayu shekara arba'in ko hamsin suna karanta littafin da ba a taɓa buɗe musu ma'anarsa a zaune ba.

Tafsirin azumi ne ya zo ya cike wannan giɓi, kuma ya yi aiki mai yawa. Mai jan baki ya ja aya, malam ya warware ta, galibi bisa Jalalaini na Mahalli da Suyuɗi. Rediyo ya faɗaɗa majalisin, har karatun Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello ya riƙa shiga ƙauyuka ta Rediyon Kaduna. Aka saurari Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Isa Waziri a Kano, da Sheikh Ɗahiru Bauchi a Kaduna, daga baya karatun Sheikh Ja'afar Mahmud Adam na Masallacin Indimi da ke Maiduguri ya watsu a kaset, yau yana cikin wayoyin matasan da ba su riske shi ba. Amma wanda ke zaune a majalisin tafsiri mai sauraro ne. Ba shi ya zaɓi inda za a tsaya ba, ba zai iya cewa a maimaita masa ayar da ta taɓa shi ba, kuma sau da yawa abin da ke saura a ransa bayan an tashi shi ne ƙissar da aka bayar, ko barkwancin da aka yi, ko raddin da aka mayar wa wani malami. Malam na iya ɗaukar shekaru kafin ya sauke. Ana sallar idi kuma mutum ya koma tilawarsa ta lafazi zalla, wata goma sha ɗaya.

Shi kuwa Alƙur'ani ya faɗi dalilin saukarsa. Aya ta 29 a Suratu Sad ta bayyana cewa an saukar da shi ne domin a yi tuntuntuni a ayoyinsa, masu hankali kuma su wa'azantu. Aya ta 82 a Suratun Nisa'i da ta 24 a Suratu Muhammad sun zargi waɗanda ba sa yin wannan tuntuntuni, ta biyun har ta danganta rashinsa da zukatan da aka kulle. Abin lura a nan shi ne, a wuraren biyu ana magana ne a kan munafukai da masu ciwon zuciya, ba a kan zaɓaɓɓun masana ba. In har an zargi munafuki don bai yi tadabburi ba, ta yaya za a ce mumini na gari an ɗauke masa shi? Aya ta 106 a Suratul Isra'i ta nuna an rarraba saukarsa ne don a karanta wa mutane a tsanake, shi ya sa ya ɗauki kusan shekara 23 yana sauka. Yadda Manzon Allah (SAW) yake karantawa kuma ya fassara wannan tsanaki a aikace. Muslim ya ruwaito daga Huzaifa cewa ya bi Annabi sallar dare, ya karanta Baƙara da Nisa'i da Ali Imrana a hankali, in ya zo ayar tasbihi ya yi tasbihi, in ya zo ayar roƙo ya roƙa, in ya zo ta neman tsari ya nemi tsari. Wannan karatu ne na mai jin ana yi masa magana, yana kuma amsawa. Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito daga Abu Zarr cewa akwai daren da Annabi ya yi ta maimaita aya guda, ta 118 a Suratul Ma'ida, har gari ya waye. Da yawan shafi ne ma'auni, da an ce daren nan ba a yi karatu ba.

Sahabbai a kan haka suka tashi. Abu Abdurrahman Sulami, wanda ya koyi karatu a wurin Usman da Ibn Mas'ud da wasunsu, ya ba da labarin cewa sukan ɗauki aya goma, ba sa wucewa sai sun san abin da ke cikinta na ilimi da aiki. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi a wannan yanki, ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi shekara takwas yana koyon Suratul Baƙara. Balarabe ne Baƙuraishe, Larabci harshensa ne, a gidan Umar ya tashi. Ba haddar aya 286 ce ta riƙe shi shekara takwas ba, abin da ke cikinsu ne.

Za a ce ai ladan karatu a harafi yake, ko an fahimta ko ba a fahimta ba. Gaskiya ne, hadisin yana cikin Tirmizi, kowane harafi da lada, kowane lada kuma a ninka shi goma. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa mai karatu da ƙyar yana in'ina lada biyu gare shi. Saboda haka duk wanda ya raina tilawar tsohuwar da ba ta jin Larabci ya yi kuskure, kuma ba shi da hujja. Amma a duba wanda ya ruwaito hadisin haruffan. Ibn Mas'ud ne, kuma shi ne dai wanda wani mutum ya zo yana ce masa ya karance surorin Mufassal duka a raka'a ɗaya, ya ƙi yaba masa, ya kwatanta irin wannan sauri da yadda ake zuba waƙe. Ashe wanda ya fi kowa sanin ladan harafi bai fahimci hadisin a matsayin izinin gudu ba. Lokacin da Abdullahi ɗan Amr ya so ya riƙa sauka kowane dare, Annabi ya mayar da shi wata guda, da ya matsa aka rage masa, kuma a ruwayar Abu Dawud da Tirmizi an bayyana cewa wanda ya sauke a ƙasa da kwana uku ba zai fahimta ba. Dalilin da aka bayar na iyakar shi ne fahimta. Ibnul Ƙayyim ya auna maganar a Zadul Ma'ad, ya ce ladan mai yawan karatu ya fi yawa a ƙidaya, na mai tartili da tadabburi ya fi girma a daraja. To mai hankali ba sai ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Abin da ake ƙi shi ne a mayar da hadisin da ya zo don kwaɗaitar da mutane su kusanci Littafin ya zama hujjar tsayawa a bakin ƙofarsa har tsufa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma dole a tsaya a kanta da kyau. Masu ita suna cewa in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai zama mufassiri, kowane yaro mai waya zai ɗauki fassara ya riƙa ba da fatawa. Tsoron nan yana da tushe. Tirmizi ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan yin magana cikin Alƙur'ani ba da ilimi ba, kuma an san yadda Sayyidina Abubakar yake jin tsoron faɗin abin da bai sani ba game da aya. Kuskure ma yana iya faɗa wa na kirki. Adiyyu ɗan Hatim, sahabi ne, Balarabe, da ya ji aya ta 187 a Baƙara mai maganar farin zare da baƙi a sha'anin sahur sai ya ɗauki igiyoyi biyu ya sa ƙarƙashin matashinsa yana dubawa, sai da Annabi ya fahimtar da shi cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Mafi muni shi ne Hawarijawa, waɗanda aka san su da yawan tilawa, Ibn Umar kuma ya bayyana cutarsu da cewa sun ɗauki ayoyin da suka sauka a kan kafirai sun ɗora wa muminai. Mu ma ba labari aka ba mu ba. Rikicin Maitatsine a Kano cikin Disambar 1980 ya ci dubban rayuka, abin da ya faru a Arewa maso Gabas daga 2009 kuwa har yanzu ba a gama jinyarsa ba, kuma a duka biyun an ja aya an kashe Musulmi da ita.

Duk da haka maganin da ake bayarwa, wato a nisanta talaka daga ma'ana, bai dace da ciwon ba. Ɗabari ya kawo a gabatarwar tafsirinsa cewa Ibn Abbas ya kasa tafsiri huɗu: wanda Larabawa ke ganewa daga harshensu, wanda ba a yi wa kowa uzurin jahiltarsa, wanda malamai ne suka san shi, da wanda Allah kaɗai ya sani. Kaso na biyu shi ne filin gama-garin mutum, kuma fili ne mai faɗi: kaɗaita Allah, tsayar da salla, kyautata wa iyaye, cika alkawari, barin zina da riba da cin dukiyar maraya, tuna mutuwa da hisabi. Sannan akwai bambanci tsakanin tambayoyi biyu. Tambayar me wannan aya take nufi, amsarta tana hannun masu ilimi, mai karatu zai ɗauko ta ne daga tafsiri ko fassarar da ya amince da ita, ba daga kansa ba. Tambayar ni ina nake game da abin da aka ce tana nufi kuwa, babu malamin da zai amsa wa mutum ita, domin malam bai san abin da ke cikin sito da aljihu da zuciyar kowa ba. Ta biyun ita ce tadabburi. A nan ne ma ake gane bambancinsa da aikin Hawarijawa: su sun karanta aya suna neman wanda za su jefa da ita, mai tadabburi kuwa da kansa yake farawa. Mutumin da ya saba karanta ayar munafunci yana tsorata wa kansa, da wuya ya yi saurin kafirta maƙwabcinsa. Kuma wa ya fi sauƙin ruɗuwa, wanda zai iya buɗe fassara ya duba abin da ya gabaci aya da abin da ya biyo bayanta, ko wanda duk abin da mai zaƙin baki ya ce ayar na nufi sai ya ce na'am, tunda dai ya ji Larabci? Iyakar a bayyane take. Mai karatu a ɗakinsa ba ya ciro hukuncin halal da haram da kansa, ba ya raba gado, ba ya yanke wa wani hukunci, ba ya kutsawa cikin ayoyin da malamai kansu suka tsaya da ladabi a gabansu. In ya ci karo da abin da ya shige masa duhu, ya rubuta ya kai wa malami. Wannan ba zai rage wa malamai daraja ba, sai dai ya kawo musu almajirai masu tambaya mai ma'ana.

Magabatanmu na nan gida ma ba su ɗauki ma'ana abin ɓoyewa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Fulatanci da Hausa yake wa jama'a wa'azi. Ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya karantar da tafsiri a Kano lokacin da ya zauna can, ya rubuta babban tafsirinsa Diya'ut Ta'wil, sannan ya sake rubuta wani taƙaitacce bisa ruwayar Warshu da mutanen ƙasarsa ke karantawa, ya kira shi Kifayatu Du'afa'is Sudan, don waɗanda ƙarfin karatunsu bai kai na farkon ba. Babban malami ya ga bai sauke nauyi ba sai ya sauko wa raunana. Aikin fassara zuwa Hausa ci gaban wannan niyya ne. Tarjamar Sheikh Gumi ta fito a 1979, daga baya ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina ta buga ta ta rarraba. Sheikh Nasiru Kabara ya yi Ihsanul Mannan, a baya-bayan nan kuma Dokta Muhammad Sani Umar Rijiyar Lemo ya fitar da Fayyataccen Bayani. Gaskiya ne fassara ba Alƙur'ani ba ce, ba a salla da ita, kuma kowace tana ɗauke da fahimtar mai ita. Hausar Gumi ma a wasu wurare ta bi ginin Larabci sau da ƙafa, har takan yi wa sabon shiga tauri. Gaskiya ne kuma ɗan ɗarika da ɗan Izala kowa yana da wadda ransa ya fi natsuwa da ita. To kowa ya ɗauki ta malamin da ya yarda da shi. Wuraren da suka saɓa kaɗan ne in aka gwada da inda suka haɗu, kuma babu fassarar da ta halatta tauye mudu.

Yadda za a yi a aikace ba shi da wahala, sai dai yana son dauriya. Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya riƙe karatu iri biyu. Tilawarsa ta kullum ta ci gaba yadda take, musamman mahaddaci, wanda in bai yawaita bita ba hadda za ta kuɓuce masa. A gefenta kuma ya ware ɗan kaso, aya biyar ko goma, ko shafi ɗaya, wanda ba a gaggawa a cikinsa. Ya karanta lafazin da tartili, ya karanta ma'anar, ya sake komawa lafazin yana jin ma'anar a ƙarƙashinsa. Ya tsaya inda ya kamata ya amsa, kamar yadda Huzaifa ya ga Annabi na yi: an ambaci rahama ya roƙa, an ambaci wuta ya nemi tsari, an siffanta masu taƙawa ya ce Allah ka sa ni cikinsu. Addu'ar nan da Hausa zai yi ta, da kalmomin da ke fitowa daga cikinsa. Ya ajiye ɗan littafi da alƙalami, ya rubuta abu ɗaya da ya gane, abu ɗaya da bai gane ba don ya tambaya, da abu ɗaya da zai aikata kafin rana ta faɗi. Mu da muka tashi da allo da tawada bai kamata rubutu a gefen karatu ya zame mana baƙo ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya jera ayyukan zuci goma na mai tilawa a cikin Ihya'u, kuma wanda ya fi shafar wannan magana shi ne mai karatu ya ƙaddara cewa shi ake nufi da kowane umurni da hani da alkawari da narko, ƙissoshin annabawa ma ba don hira aka ba shi su ba.

Wanda ya gwada haka zai ga Littafin ya shigo masa har cikin gida da kasuwa. Ayoyi uku na farkon Suratul Muɗaffifina suna magana ne da duk mai riƙe da mudu ko sikeli, a Dawanau yake ko a bakin titi, haka ma ma'aikacin da ke karɓar albashi cikakke yana ba da rabin aiki. Aya ta 6 a Hujurat, mai umurni da bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta shafi duk mai tura saƙon da bai tabbatar ba a WhatsApp, ta 11 da ta 12 kuma sun rufe ƙofar izgili da mugun zato da leƙen asiri da yi da mutum, wato rabin abin da ake ci a majalisar dare. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma 'yan'uwa nawa ne suka daina gaisawa saboda bashin da aka ji kunyar rubutawa? Wadda ta fi ɗaga hankali ita ce ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ, wadda ta hana a fitar da matar da aka saki saki na kome daga ɗakinta har ta gama idda. Mazaje da yawa sun haddace wannan sura, suna karanta ta a kowace sauka, amma ranar da rai ya ɓaci sai a miƙa takarda a ce ta tafi gidansu a daren. Ba lallai taurin kai ba ne. Sau da yawa mutumin bai taɓa sanin cewa ayar da harshensa ya saba da ita da shi take ba. A wuri irin wannan ake gane cewa rashin fahimta yana da waɗanda ke biyan kuɗinsa, kuma galibi mata ne da marayu da masu ƙaramin ƙarfi.

Sai batun lokaci da rashin iya karatun boko, kuma duka biyun sun fi sauƙi a yau fiye da kowane zamani. Bugun Madina shafi 604 ne. Mai bin shafi ɗaya kullum da ma'anarsa zai ratsa Alƙur'ani duka kafin shekara biyu, kuma shafi ɗaya bai fi abin da ake ɓatarwa tsakanin magariba da isha'i ana duba waya ba. Wanda ba ya karanta boko, ko idonsa ya yi rauni, yana da sautin tafsiri a waya, sai dai ya canza yadda yake saurare: ya ɗauki kaɗan, ya tsayar, ya maimaita, ya faɗa wa wani abin da ya ji. Miji da mata ko maƙwabta biyu za su iya haɗuwa a kan wannan, domin abin da mutum ya bayyana wa wani da bakinsa ya fi zama. Abin da za a kiyaye shi ne kada a mai da kuka ma'auni. Kuka a gaban Alƙur'ani sunna ne, Annabi ya zubar da hawaye da Ibn Mas'ud ya kai aya ta 41 yana karanta masa Nisa'i. Amma akwai hawayen da daɗin murya ne ya jawo su, shi ya sa za ka ga sahu ya ruɗe da kuka a tahajjud lokacin alƙunutu alhali an wuce ayoyin hisabi shiru. Akwai kuma ranakun da mutum zai zauna da ayoyinsa goma zuciya ta ƙi motsi. Wannan ba dalilin dainawa ba ne. In ya tashi ya biya bashin da ayar ta tuna masa, karatun ranar ya yi amfani ko bai ji komai ba.

Wurin farawa kuma ba Baƙara ba ne. Fatiha ce, wadda kowane mai salla ke karantawa a raka'a 17 na farilla kullum, wadda kuma hadisi ƙudusi a Sahihu Muslim ya nuna Allah yana amsa wa bawa aya bayan aya yayin da yake karanta ta. Mutumin da ya san wannan, ya kuma san ma'anar ayoyinta bakwai, sallarsa ta azahar ba za ta zama kamar ta jiya ba. Daga nan sai izu biyun ƙarshe, kuma a nan iyaye da malaman Islamiyya ke da babban rabo. Musabaƙar ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta soma shiryawa a 1986 ta gyara tajwidin yaranmu ƙwarai, kuma babban matakinta izu sittin ne tare da tafsiri, amma wannan na 'yan kaɗan ne da suka kai can. Sauran yara, tambayar da ake yi musu a gida ita ce izu nawa ka kai, ba kasafai ake ƙarawa da me surar ke cewa ba. Daga Naba'i zuwa Nasi surori 37 ne. In makaranta ko gida ya ɗauki ɗaya kowane mako da ma'anarta, a haɗa ƙananan a raba manyan, kafin shekara ta zagayo yaro da ubansa sun san abin da liman ke karanta musu a mafi yawan sallolin magariba da isha'i.